Ramata ta kwana 16 a ruwa

'Yan'uwa masu koyon tufkar igiya, ga inda aka kwana. Damin rama biyu na yanko a bayan gidanmu a unguwar Rikkos ta Jos, ƙarshen Oktoba. Ganyen ya tafi kwaɗo, karan kuwa na nutsar a ganga biyu na danne da dutse, ɗaya a inuwar zaure, ɗaya baƙa a tsakar gida inda rana ke dukanta.

Kakata takan ce kwana goma ya isa, amma ita a Zariya take jiƙa tata. A kwana na 10 na zaro kara daga gangar inuwa na murza, ɓawo ya ce bai san zance ba. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ga hunturu ya fara leƙowa.

Ashe ba ruwan ne ke aikin ba. Ƙwayoyin bakteriya da ke jikin karan ne suke fitar da wani enzayim, wato sinadari mai narkar da abu, mai suna fektinas, shi ke narkar da fektin, danƙon da ya manne zaren da sauran ɓawon. Sanyi na sa su nawa, ɗumi na zaburar da su. Warin nan da ya sa maƙwabciyata toshe hanci, alamar suna ci ne.

Inda na ci ƙasa ita ce baƙar gangar. Na ɗauka tafiyarsu ɗaya, sai na bar su tare har kwana 16. Ta inuwa ta fito lafiya lau: zare ya saluɓe daga kara, na ɗauraye, ya bushe da sheƙi. Ta rana kuwa ta zarce. Idan danƙo ya ƙare, ƙwayoyin da ke fitar da wani enzayim ɗin daban mai suna selulas sukan juya kan selulos, wato ainihin zaren. Na ja shi kaɗan ya tsinke kamar tsohon tsumma. Dami guda ya tafi juji.

Wannan selulas ɗin da ya cuce ni, wasu kuɗi suke sa wa su saya. Da shi masana'antu ke koɗar da wandon jins maimakon gurza shi da duwatsu, kuma yana cikin wasu garin sabulun wanki don cire ɓurɓushin auduga. Yawancinsa daga wata fumfuna ake samu, Trichoderma reesei, wadda aka gano lokacin Yaƙin Duniya na Biyu tana cinye tantunan sojojin Amurka a tsibiran Solomon. Fektinas kuma masu ruwan 'ya'yan itace na kwali ke amfani da shi don ruwan ya tatsu sosai ya yi garau.

Yanzu daga kwana na 7 kullum sai na murza kara ɗaya. Na kuma ajiye bokiti guda na tsohon ruwan zan zuba wa sabon jiƙo, in ga ko zai rage kwanaki. Tufka sai Asabar, in tafin hannuna ya yarda.