Yana cikin gudu ya faɗi, ko sai da ya tsaya?

Idan aka kawo matashi asibiti aka ce ya suma a filin ƙwallo, tambayar da ya kamata a fara yi wa ƴan rakiya ita ce: yana cikin gudu ya zube, ko sai da ya tsaya? Galibi babu wanda ya lura. Sai a ce rana ce ta buge shi, kuma a Tawa ta Nijar cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 42, maganar tana shiga kunne. Amma amsar wannan tambaya ce ke raba suman da ba ya kisa da wanda kan zama gargaɗi na ƙarshe.

Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya. Jini ya daina isa gare ta na daƙiƙa 6 zuwa 8, mutum ya faɗi. Lokacin gudu, naman ƙafafu yana matsa jijiyoyi yana tura jini sama zuwa zuciya kamar famfo, jijiyoyin fata kuma sun buɗe don fitar da zafi, ga zufa da kan kai lita guda ko fiye a cikin awa. Da an hura usur mutum ya tsaya cak, famfon ya daina aiki, jini ya taru a ƙafafu, abin da ke komawa zuciya ya ragu. Irin wannan suma yana sallama kafin ya shigo: jiri, duhu a ido, zufa mai sanyi, tashin zuciya, ƙara a kunne. A kwantar da shi a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa bisa benci, cikin minti ɗaya ya dawo hayyacinsa, ya gane mutane. Kada a zaunar da shi da wuri, kada a ɗura masa ruwa kafin ya farfaɗo, don yana iya shaƙewa.

Rigakafinsa ba ya cin ko dala. A ƙare gudu da tafiya a hankali ta minti 5 zuwa 10, a sha ruwa kafin a fara, mai azumi kuma ya bari sai bayan shan ruwa. Wanda ya ji alamun sun taso ya harɗe ƙafafu ya ɗaure naman cinya da na ciki, ko ya tsuguna nan take. Wani gwaji da likitocin Holan suka jagoranta a 2006 ya nuna amfanin wannan dabara: cikin waɗanda ba a koya musu ba kusan kashi 51 cikin 100 sun sake suma, waɗanda aka koya musu kuwa kusan kashi 32. Abu guda za a kiyaye: idan ya buɗe ido amma yana sambatu, jikinsa zafi rau, to bugun zafi ne, a tuɓe masa riga a yi ta kwara ruwa ana fifita, a garzaya da shi.

Wanda ya faɗi yana tsaka da gudu, labarinsa daban ne. A lokacin famfon ƙafafu na aiki, tansiyo na sama, don haka idan jini ya yanke wa ƙwaƙwalwa, abin da za a fara zargi shi ne zuciyar ce da kanta ta gaza. Zuciya tana da nata wayoyin lantarki. Wani ɗan ƙulli a ɗakinta na sama na dama ke ba da umarni, sau 60 zuwa 100 a minti idan ana hutawa. In wutar ta rikice a ɗakunan ƙasa, bugu ya haura 200, ɗakunan ba sa samun sukunin cika kafin su matse, sai zuciya ta yi ta rawa ba ta tura komai. Galibi babu jiri, babu sallama. Mutum ya kife da fuska, ko hannu bai tara ba, shi ya sa ake ganin rauni a haɓa ko a goshi. Abin da ke yaudarar iyaye da masu horarwa shi ne, sau da yawa bugun kan daidaita da kansa, yaro ya miƙe ya kakkaɓe ƙura ya ce ba ya jin komai. Ranar da bai daidaita ba, sai dai a ce Allah ya jiƙansa.

Wani bincike da aka yi a Italiya kan matasa ƴan wasa 7,568, aka buga a 2004, ya gano 474 sun taɓa suma cikin shekaru biyar. Shida kacal ne suka faɗi a tsakiyar motsa jiki, amma biyu daga cikin shidan an same su da ciwon zuciya na gaske. Wato abin ba shi da yawa, sai dai idan ya faru ba a yi masa sakaci.

Mafi shahara cikin sanadin shi ne kaurin naman zuciya na gado, wanda ke samun kusan mutum 1 cikin 500. Shi aka gano a gawar ɗan ƙwallon Kamaru Marc-Vivien Foé, wanda ya zube a tsakiyar fili a birnin Liyon ranar 26 ga Yunin 2003 yana da shekara 28. Akwai waɗanda zuciyarsu lafiya lau take a hoto, cutar a wutar take: ko dai tana jinkirin komawa daidai bayan kowane bugu, abin da likitoci ke kira doguwar QT, ko kuma an haife su da wata ƙarin waya tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa. Akwai kumburin naman zuciya bayan mura ko zazzaɓin ƙwayar cuta, wanda ke buƙatar hutun wata 3 zuwa 6 daga wasa. Akwai ƙofofin zuciya da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya lalata. Wanda ya haura shekara 35 kuwa, toshewar jijiyoyin da ke shayar da zuciya aka fi zargi.

Kuma kada a ɗauka motsa jiki sai ƙwallo da kokawa. Daka, jan guga daga rijiya mai zurfi irin na Adar, huɗa da damina, duk aikin ƙarfi ne ga zuciya. Maijegon da ta suma tana riƙe da taɓarya, ga kumburin ƙafa, ga haki idan ta kwanta, a duba mata raunin zuciya na bayan haihuwa, ciwon da ƙasar Hausa take cikin wuraren da ya fi yawa a duniya, an kuma yi nazarinsa a Zariya da Kano da Yamai.

Abin da ya fi damun mu shi ne magungunan da ake saye a faranti ba takardar likita. Kinin, kulorokin, eritiromisin, azitiromisin, haloferidol da domferidon duk suna ƙara tsawon QT. Ɗaya kaɗai a jikin mai lafiya da wuya ya yi ɓarna. Amma a haɗa biyu, a jikin wanda gudawa da amai suka zubar masa da sinadarin fotasiyom, shi ne haɗarin. Duk wanda ya suma, a tattara kwalayen abin da ya sha cikin sati a tafi da su.

A asibiti, tarihin gida ya kai kowace na'ura muhimmanci. Akwai wanda ya rasu farat ɗaya kafin shekara 40? Wanda ya iya iyo amma ya nutse a tafki? Wanda ya kwanta lafiya aka wayi gari babu shi? Mai farfaɗiyar da ba ta jin magani? Daga nan a auna tansiyo a kwance da a tsaye, idan lambar sama ta sauka da 20 cikin minti uku da miƙewa to an sami bakin zare. A saurari ƙirji, a yi ECG, wato gwajin da ke zana wutar zuciya a takarda, wanda ba ya wuce minti goma, sannan ekografi, wato hoton zuciya. In ba a ga komai ba, akwai ƙaramar na'urar Holter da ake ɗaura wa mutum awa 24 zuwa 48, da gwajin gudu ko tuƙa keke a gaban likita. ECG mai kyau ba ta wanke wanda ya faɗi cikin gudu, domin wasu cututtukan ba sa fitowa sai zuciya ta ɗau zafi. Haka kuma ƴan wasa baƙar fata suna da wani zane a takardar ECG da ke kama da ciwo alhali lafiya ce, don haka likitan zuciya ya dace ya karanta takardar. Daga Tawa sai a fara da babban asibitin jiha, in ta kama a bi hanyar Yamai, kimanin kilomita 550, zuwa babban asibitin ƙasa. Tafiyar da nisa, kuɗin da nauyi, mun sani. Amma kafin a samu wannan amsa, yaro ba ya komawa fili, ko wasan ƙarshe ne.

Saura minti biyar ɗin farko. Wanda ya zube, aka kira shi aka girgiza shi bai amsa ba, kuma ba ya numfashi daidai, a ɗauka zuciyarsa ta tsaya. Abu biyu ke ɓatar da mutane a nan: kakarin da yake ja jefi-jefi, sai a ce ai yana numfashi, da shure-shuren da kan biyo bayan faɗuwa, sai a ce farfaɗiya ce ko iska, a shiga neman cokali da albasa. Duk minti guda da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Ɗan ƙwallon Danmak Christian Eriksen ya faɗi haka a Yunin 2021, aka danna masa ƙirji nan take, aka girgiza zuciyar da na'urar lantarki, ya koma buga ƙwallo bayan wata takwas.

A shimfiɗe shi rigingine a ƙasa mai tauri, ba bisa katifa ba. A ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya bisa ɗaya, gwiwar hannu a miƙe, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ana barin ƙirjin ya dawo bayan kowane dannawa. Mutum ɗaya ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 ko ya nemo mota, wani ya duba agogo ya riƙe lokacin. Hannu na gajiya, don haka a riƙa canji duk minti biyu. Haƙarƙari na iya karyewa, kada hakan ya sa a daina. Kada kuma a ɗora shi bisa kabu-kabu a zaune tsakanin mutum biyu: a samu mota mai buɗaɗɗen baya, a kwantar da shi, a ci gaba da dannawa har ƙofar asibiti.