Kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban

Motata Toyota Corolla ce 'yar Kwatano, kuma tun da na saye ta hannu ɗaya ke taɓa ta: wani bakanike mai rumfa a wani babban gareji a Kano. Mun daɗe tare ba mu taɓa sa-in-sa ba. In birki ne, ko filogi, ko juyen baƙin mai, sai in ajiye masa makulli in hau Adaidaita, da yamma ya faɗi kuɗi in tura masa. Saɓaninmu ya zo ne a 2024, lokacin da komai na mota ya yi tashin gwauron zabi. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ƙara kuɗi, kuma kusan duk kayan gyaran mota daga waje suke zuwa.

A hanyar Zariya motar ta ɗau zafi, aka jawo min ita gareji. Ya zaro sandar gwajin mai ya nuna min: baƙin man ya koma kalar shayi da madara. Ya ce, "Alhaji, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai." Gaskit shi ne shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, mai hana ruwa da mai haɗuwa. Na tambaye shi nawa za ta ci, ya ce in Allah ya yarda naira 60,000 za ta tashe ta. Na ba shi 40,000 kafin alƙalami na tafi.

Ranar da na zo ɗauka ya miƙo min 'yar takarda, a ƙasa an rubuta 145,000.

Raina ya ɓaci sosai. Ya shiga lissafo min: da suka buɗe kan injin sun tarar ya lanƙwashe saboda zafi, dole aka kai wa masu injin goga suka daidaita shi, famfon ruwa ya mutu, lagireto na yoyo, ga sabon mai da filta. Na ce, "Oga, duk wannan, me ya hana ka kira ni?" Ya ce, "Alhaji, ai ba ka taɓa tambayata ba. Na ɗauka amana ce tsakaninmu." A wurinsa amana ita ce ya yi duk abin da mota ke buƙata ba sai ya dame ni ba. A wurina kuwa, amana ita ce kada a kashe kuɗina sai da sanina. Da daddare na kira wani mai sayar da kayan mota da na sani a Ƙofar Ruwa, na tambaye shi kuɗin lagireto da famfon ruwa na irin motata. Abin da ya faɗa bai kai na takardar ba. Daga nan na daina ganin maganar a matsayin rashin fahimta kawai.

Ban je wurin 'yan sanda ba, ban kuma ɗauke motar da faɗa ba. Garejin yana da shugaban ƙungiyar kanikawa, wani dattijo da kowa ke kira Baba, shi na kai wa ƙara. Bai fara da maganar kuɗi ba. Cewa ya yi yaro ya kwaso duk abin da aka cire daga motar. Ya ɗauki tsohon famfon ruwan ya sa min a hannu, ya ce in girgiza sandarsa. Sai kaɗawa take yi, fukafukan ciki kuma tsatsa ta cinye su har sun yi giɓi. Ya nuna min robar saman lagireton, ta tsage tsawon ɗan yatsa. Ya ce, "Ɗana, wannan aikin na gaskiya ne. Da gaskit kawai ya sa maka, da ba ka kai Kwanar Dangora ba ta sake ƙonewa."

Sannan ya juya ga bakaniken ya ce ya faɗi tsakaninsa da Allah nawa ya sayo kowane abu. Ya sunkuyar da kai, ya faɗa. Ya ɗora 18,000 a kan kayan. Baba ya ce, to kuɗin aiki fa, nawa ka rubuta? Ya ce 10,000. Shi da yaransa biyu sun sauke kan inji, sun kai goga, sun dawo da shi, sun ɗaure, duk a 10,000. Baba ya dube ni ya ce, "Alhaji, da ya ce maka kuɗin hannunsa 30,000 ne, za ka biya ba ciniki?"

Wannan tambayar ita ce tushen rigimar da yawancinmu masu mota ke yi da kanikawa. Kaya muna ganinsu da ido, shi ya sa ba ma cika musu a kansu ba. Aiki kuwa ba ya ɗaukuwa a hannu, sai mu yi ta taya shi har ya koma kuɗin cefane, alhali mutumin ya shafe shekaru yana yaron gareji kafin ya iya ɗaure kan inji daidai. Shi kuma ya san haka, sai ya rage kuɗin aiki a takarda, ya ɓoye haƙƙinsa a cikin kuɗin kaya. Na fahimci dalilin, amma ban yarda ya zama hujja ba. Wanda ka aika ya sayo maka abu wakilinka ne, ba mai shago ba ne, kuma bai halatta ya ci riba a kanka ba ka sani ba. Haka na faɗa masa a gaban Baba, bai musa ba.

Aka cire 18,000 ɗin, aka mai da kuɗin aiki 25,000. Na biya 142,000 gaba ɗaya. Bambancin bai taka kara ya karya ba, amma na biya da daɗin rai, don yanzu na san inda kowace naira ta tafi.

Har yau shi ke gyara min mota, sai dai tsarin ya canza. Kuɗin aiki muke fara yankewa kafin a kwance ko noti ɗaya, kuma ba na matsa masa a kai. In ya buɗe ya ga wata matsala, sai ya tsaya ya turo min hoto ta WhatsApp, ba ya ci gaba sai na amsa. Abin da aka cire a but ɗina ake sa shi. Kaya masu tsada kuwa tare da yaronsa muke zuwa kasuwa, don shi ya san kayan da za su dace da motar, ni kuma in biya da hannuna, in ba wa yaron ladansa a fili. Kafin in biya sai na ji wane iri ne: sabo na asali, ko na Beljiyam da aka ciro daga motocin waje, ko sabo mai kwali mai kyau amma jabu. Sau da yawa na Beljiyam mai lafiya ya fi sabon banza ƙarko, amma dole a gaya min shi aka sa, da kuɗinsa.

Abu ɗaya ne har yanzu ba mu daidaita a kai ba. Yana so ya cire tamostat, wato ɗan abin da ke tare ruwa daga tafiya lagireto har sai inji ya yi zafi, ya haɗa fanka kai tsaye, wai tamostat na ƙasar sanyi ne, yadda kanikawa da yawa ke yi. Na ƙi. Injin da ba ya kai zafin da aka ƙera shi a kai ya fi shan mai, musamman da safiyar hunturu, kuma tsatsar da ta cinye famfona daga ruwan famfo zalla ta zo, ba daga tamostat ba. Yanzu ruwan lagireto na galan nake sayowa da kaina, shi kuma duk juyen mai sai ya sake kawo maganar, ni kuma in ce a bar shi a inda yake.