Kafin ka hau kwalta da tsohuwar tarakta

Ranar da na kawo taraktar nan ƙofar gida, sau uku kawuna ya tambaye ni, "Ina takardunta?" Sau uku ina ce masa, "Kawu, ai ba mota ba ce, gona za ta shiga." Bai ƙara tankawa ba, ya ci gaba da jan carbinsa. Ku samarin da yanzu kuke harhaɗa kuɗi ku biyu ku uku don ku sayi tsohon ƙarfe ku riƙa haya, ku nake so ku ji yadda ta kaya.

Massey Ferguson 135 ce, irin wadda aka ƙera a Ingila tsakanin 1964 da 1975, mai injin Perkins silinda uku. Ta girme ni nesa ba kusa ba. A wani ƙauye ta wajen Ringim na same ta, ƙarƙashin darbejiya, kaji sun mai da kujerarta akurki. Mai ita ya rasu, magada ne ke sayarwa, shi ma an ce a gwanjon wata ma'aikata ya saya. Bakanike ya ɗaura batir, ya fitar da iska daga famfon mai, ta yi tari biyu ta tashi. Ina jin wannan ƙara hankalina ya bar jikina. Na ƙirga kuɗi, aka shafa fatiha, dillali ya soke la'adarsa a aljihu. Ko a bayan kwalin ashana ba a rubuta komai ba.

Irin waɗannan suna nan birjik a ƙauyukan Kano da Jigawa: Massey, da Fiat da aka riƙa haɗawa a Kano, da Steyr ta Bauchi. Da yawansu tun zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 da shirin noma na Shagari suke, daga hannun gwamnati zuwa hannun wani Alhaji, daga nan zuwa magada. Ƙarfen yana jurewa, amma takarda a kowane hannu sai ta ragu, wata gara ta ci, wata ruwan damina ya jiƙa.

Maganar "gona za ta shiga" ita ce wautar farko. Huɗa da haro wata nawa ne a shekara? Biyu, in ta yi yawa uku. Sauran watannin tirela ce ke ciyar da kai: taki, yashi, bulo, buhunan shinkafa, kayan da za a kai kasuwar Gujungu. Duk a kan kwalta. Da zarar tayarka ta taka titin gwamnati, a idon doka ba ka da bambanci da mai Golf: ana neman rajista, lamba, inshora da lasisin direba.

Wauta ta biyu ita ta fi cina rai har yau. Na kai ta wajen mai fenti don ta yi ja sabuwa fil, masu haya su gani su yaba. Yana kankare tsatsa ya nuna min wani ɗan faranti na alminiyam, bai kai tafin hannu ba, an kafe shi kusa da sitiyari, maiƙo ya rufe rubutun. Ya ce, "Oga, wannan fa?" Na ce, "Ɓalle shi, ɓata min aiki zai yi." Ya sa sukundireba ya ɓalle. Ashe lambar jikinta ce, wadda kamfani ya ba ta tun ranar da ta fito, sunanta na yanka ke nan. Bayan wata shida kuma injin ya buga, na sayo wani na hannu a kasuwa na ɗora, ban karɓi rasit ba, ban ma duba lambar da aka buga a jikin bulok ɗin ba. Na wayi gari da tarakta mai sheƙi wadda babu abin da zai nuna ita ce, balle ya nuna tawa ce.

Asirina ya tonu da kaka. Mun ɗoro shinkafa daga fadama, magariba ta rufa, yaron da ke tuƙa min yana tafiyarsa a hankali, don ita da ƙyar take kai kilomita 30 a awa. Bayan tirelar babu fitila ko ɗaya, babu ko ɗan ƙyalli. Wani mai babur ya taho a guje, bai gan ta ba sai da ya afka mata. Allah ya yi da sauran kwana, karaya ya samu a ƙafa, babur kuwa ya tashi aiki. Da aka je gaban hukuma tambayar kawu aka maimaita min, wannan karon ba carbi a hannun mai tambayar. Aka ajiye tarakta. Kuɗin asibiti da na babur daga aljihuna suka fito, kuma hakkinsa ne, ban yi gardama ba. Lokacin da sa'o'ina ke jigilar amfanin gona suna kwasar kuɗi, tawa tana zaune tayoyi suna sacewa.

Sai gaggawa ta sake jefa ni rami. Wani mai jaka a hammata ya ce in ba shi kuɗi ya gama min komai cikin kwana uku, ba sai na taka ofis ba. Ya kawo takardar inshora mai hatimi har biyu. Ɗan'uwana da ke karatu a Dutse ya duba a waya, a rumbun NIID inda kamfanonin inshora ke shigar da duk takardar gaske, babu ita babu alamarta. Inshorar nan ta wanda ka yi wa ɓarna tilas ce tun dokar 1945, kuma daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta bincike a kanta. Daga Janairun 2023 ta motar gida naira 15,000 ce. To duk wanda ya ce zai yi maka ta tarakta a kan dubu biyu ko uku, hoton takarda zai sayar maka. Ka je kamfani mai rajista da ƙafarka.

Yadda na fita kuwa, da baya na koma. Na je wurin magadan da goro da ban-haƙuri. Babban ɗan ya zazzage adakar mahaifinsa, can ƙasa cikin wata leda aka sami takardar gwanjo, ta yi ruwan ƙasa amma lambar tana karantuwa. Aka rubuta takardar ciniki, shaidu biyu suka sa hannu, mai unguwa ya sa nasa. Na koma wajen mai fenti ba don ina sa rai ba, sai ga almajirinsa ya kifar da gwangwanin noti, farantin nan ya faɗo a lanƙwashe. Muka wanke da kananzir, lamba ta yi daidai da ta takarda. Na kusa rungume yaron. Mai injin ma da na same shi ya rubuta min rasit da lambar bulok. Na yi takardar rantsuwa a kotu a kan canjin injin, sannan na nufi ofishin lasisin motoci, wanda ke ƙarƙashin hukumar tattara haraji ta jiha. Su ke rajista, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke buga lambar, jami'an VIO kuma su duba ko abin ya cancanci hawa hanya.

Kafin duban nan ne na koyi abin da ya kamata in sani tun ranar farko. Tarakta burki biyu gare ta, na dama da na hagu, don juyawa a bakin kunya. A kan titi dole a sa ɗan sakatar da ke haɗe su, in ba haka ba ka taka ɗaya a guje ta wulwula da kai cikin kwalbati. Tawa sakatar ta daɗe da ɓacewa, mai walda ya ƙera wata. Aka ja waya zuwa bayan tirela, aka sa jar fitila da sigina, aka manna tef mai ƙyalli. Lasisi ma aji-aji ne. Nawa na mota ajin B ne, na tarakta da injinan noma ajin F ne, yaron nawa kuwa ko ɗaya ba shi da shi, shekarunsa ma ba su kai 18 ba. Na sauke shi, uwarsa ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata. Yara masu ɗarewa kan murfin taya a kai su bakin kasuwa su ma na hana, duk da har yau in na juya baya sai sun hau.

Farantin nan na sa an mayar da shi gurbinsa da kusa huɗu, na kuma ɗauki hotonsa da na lambar injin a waya. Takardun asali suna cikin adakata, kwafinsu cikin leda ƙarƙashin kujera. Ranar da aka ɗaura lamba kawu ya fito da sandarsa, ya zagaya ta gaba ya zagaya ta baya, ya ƙwanƙwasa lambar da yatsa. Ya ce, "To, madalla. Gobe da sassafe a kai min taki gonar tudu."