Kafin ku durƙusa a gaban Bishop

Ɗan ƙanwata yana ajin ƙarfafawa bana, wato ibadar cocin Katolika da Bishop yake shafa wa mutum mai a goshi don ya karɓi Ruhu Mai Tsarki. Ran Lahadi bayan Misa na tambaye shi wa zai tsaya masa a matsayin ubansa na bangaskiya, sai ya ce: "Kawu, na yi magana da wani mai shagon waya. Zai ɗinka mini fararen kaya, abinci ma nasa ne. In an gama kuma na huta da katikizim." Jikina ya yi sanyi, don maganata ce na ji a bakinsa.

A ƙauyenmu na kudancin Kaduna, Bishop ba kullum yake zuwa ba. In an sa rana, sai a tattaro yara daga ƙananan majami'u, wasu a ƙafa, wasu a bayan akori-kura. Katikis ɗinmu, wato mai koya mana katikizim (darussan bangaskiya), yakan dawo daga gona da ƙasa a ƙafarsa, ya zaunar da mu mu haddace baye-baye bakwai na Ruhu Mai Tsarki: hikima, fahimta, shawara, ƙarfin hali, sani, ibada, tsoron Allah. Na iya su tsaf, amma hankalina yana kan takalmi. Manya kuma suna ta tsorata mu wai Bishop zai mare mu, alhali tun 1971, zamanin Paparoma Paul na 6, aka cire wannan ɗan marin daga tsarin ibadar.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ba ya fashin addu'ar safe, shi mahaifiyata ta so ya tsaya mini. Na ƙi. Na zaɓi wani ɗan kasuwa mai babur. Kada ku yi saurin zagina: ban taɓa sa sabon takalmi ba, kuma babu wanda ya zaunar da ni ya ce aikin mutumin nan ya bi bayan bangaskiyarka ne har tsufa. Ko an faɗa ɗin? Ina jin Katikis ya faɗa, kunnena ne ya toshe. Ranar, mutumin ya ɗora hannu a kafaɗata, Bishop ya dangwali man krisma, man zaitun mai ƙamshi da ake tsarkakewa a Makon Tsarki, ya zana gicciye a goshina, ya kira ni da sunan da na ɗauka. Charles na zaɓa, don ya yi mini daɗin ji. Sai da na girma na san Charles Lwanga ƙona shi aka yi da ransa a Namugongo, ƙasar Uganda, a 1886, saboda ya ƙi musun bangaskiyarsa.

Daga nan na tafi Kaduna neman kuɗi, na daina zuwa coci. Aiki ya yi yawa, gaskiya ne, har Lahadi muna fita. Amma da sha ya kama ni, babu mai ikon ja mini kunne. Mai babur ko sunana bai riƙe ba, kuma ba laifinsa ba ne, abin da na nema ya ba ni.

Na so in ba ku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu, wayarku ma ba ta barin ku ji karatun Bishara har ƙarshe. To ku ji. Ku zaɓi wanda kuke jin kunyarsa. Dokar Ikilisiya ta ce ya kai shekara 16, ya karɓi ƙarfafawa da Jibin Ubangiji, ba mahaifi ko mahaifiya ba. Ba ta ambaci aljihunsa ba.

In hoto da shinkafa ne suka kawo ku, ku zauna a gida, ku jira wani zuwan. Sau ɗaya ake yin abin nan a rayuwa, ba a sakewa. Kai, a'a, ku je. Mutanen Samariya da Bitrus da Yohanna suka ɗora wa hannu a Ayyukan Manzanni sura 8 ba jarrabawa suka ci ba, kyauta aka ba su. Na ga masu jira har sai aure ya taso, Fada ya nemi takardar ƙarfafawa, su shiga aji suna gunaguni.

Wanda kuma ya karɓa ya watsar kamar ni, kada ya je yana roƙon a sake shafa masa mai. Ya nemi Fada ran Asabar ya furta zunubansa, Lahadi ya fito Misa.