Ranar da albasa ta ƙaryata zanena

A shekarata ta farko ta koyar da ilimin halittu a sakandare, na zana ƙwayar halittar tsiro a kan allo, na cika ta da kaya: bango daga waje, tantani a bayansa, nukiliyos, ƙatuwar jakar ruwa a tsakiya, ga kuloroplas masu kama hasken rana, kore shar a warwatse. Yara suka kwafa, suka haddace. Har na fara jin kaina gwani.

Da mako ya zagayo muka shiga ɗakin gwaji da albasa. Fatar farko da na ɓare ta yi kauri, haske ya kasa ratsa ta. A karo na biyu na saki siririn murfin gilashin da ake rufe fatar da shi gaba ɗaya, iska ta maƙale a ƙarƙashinsa, rabin aji suka zana kumfa mai baƙin zobe suna murna sun ga nukiliyos. Sai daga baya na gane a karkace ake jingina murfin, a sauke shi a hankali da bakin allura, bayan an ɗiga ruwan aidin kaɗan don ya rina ƙwayoyin. Nan ƙwayoyin suka fito a jere kamar tubalin gini.

Wata yarinya ta ɗago daga maikuroskop ta ce, "Malam, ina koren?"

Na ɗan yi shiru. Gaskiyarta, babu kuloroplas ko ɗaya. Ɓangaren albasar da muka ɓare ganye ne da ya kumbura don ajiyar abinci, rana ba ta kai gare shi, to me zai yi da na'urar kama haske? Zanen da na ba su haɗe-haɗe ne, an tattaro kayan ƙwayoyi daban-daban an zuba a guda. Shi ma Robert Hooke, masanin da ya raɗa wa ƙwayar halitta suna "cell" a 1665, bangayen matattun ƙwayoyi kawai ya gani a ɓawon itace.

Tun daga ranar na juya darasin. Yanzu aiki nake fara faɗa, su kuma su ƙiyasta siffa. Idan na ce ga ƙwayar da za ta yi dakon oksijin ta cikin hanyoyin jini masu tsananin ƙunci, sukan yi ta musu kafin su yarda cewa jar ƙwayar jinin mutum ta yar da nukiliyos ɗinta don himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin, ya samu wuri. Tsakiyarta a lotse take ta fuska biyu, iska na saurin shiga da fita, tana kuma lanƙwasawa ta wuce matsi. Da yake ba ta iya gyara kanta, kwana 120 ko kusa da haka take yi, ɓargo na ta ƙera sababbi. Wannan misalin ya fi kowane kama su.

Sauran ba sa ɗaukar lokaci. Ƙwayar maniyyi tafiya ce a gabanta, shi ya sa take da wutsiya da tarin mitokondiriya masu samar da kuzari a gindin wutsiyar. Ta gashin saiwa ta miƙe siririya cikin ƙasa don ta sha ruwa sosai. Ta jijiyar saƙo kuwa, akwai wadda ke tashi daga ƙasan kashin baya har yatsan ƙafa, kusan mita guda.

A gwajin ƙarshen zango na ba su hoton ƙwayar gashin saiwa ba suna, na tambayi abin da babu a cikinta da dalili. Yarinyar nan ta rubuta: "Kuloroplas, domin ita ma a duhu take kamar albasa."