Kafin mota ta iso filin Kawu

Duk wanda ya shigo filinmu, in ya gama zagaya mota ya ƙwanƙwasa ƙofarta da yatsa, tambayarsa ɗaya ce: "Baljiyam ce?" Nakan ce e, don na san abin da yake nufi, wato ba a taɓa hawanta a Najeriya ba. Amma cikin motocin da ke fake a filin kawuna a nan Kano, da ƙyar za ka ƙirga uku da suka taɓa taka ƙasar Turai. Sunan ne ya rage tun zamanin da ake lodin Fijo da Golf da Opel daga tashar ruwa ta Antwerp a ƙasar Baljiyam. Yau yawancin kayan da muke shigowa da su na Amurka ne.

Kawu ya fara sana'ar ne da zuwa Kwatano. Ya canji sefa, ya kwana biyu a hanya, ya shiga manyan filayen da ke bayan gari inda 'yan Labanan ke jibge motoci, ya buɗe bonet da hannunsa, ya tayar da inji ya kasa kunne. In ciniki ya faɗa, direbobi su koro motocin ta Gaya da Doso da Birnin Ƙonni har Maraɗi, sannan a shigo. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, a Agustan 2019 kuma aka rufe iyakokin gaba ɗaya. Wasu sun koma bin daji. Kawu ya ce shekarunsa sun wuce tsere da kwastam, sai ya ajiye ni gaban kwamfuta.

A nan na fahimci cewa kafin mota ta zo hannunmu an riga an tankaɗe ta sau da yawa, kuma mu a wajen tsaki muke tsaye. A Amurka manyan dillalai suna da maɓuɓɓuga da yawa. Akwai wanda zai kawo tsohuwarsa a yi musaya ya cika kuɗi ya ɗauki sabuwa. Akwai motocin da mutane ke karɓa haya na shekara uku su mayar. Kamfanonin hayar mota irin su Hertz da Enterprise suna sauke tsofaffinsu da yawa lokaci guda, bankuna kuma suna sayar da waɗanda suka ƙwace daga wanda ya kasa biyan bashi. CarMax, wanda ya fi kowa sayar da mota ta hannu a ƙasar, yana saye kai tsaye daga hannun mutane ko da ba za su sayi komai a wurinsa ba. Masu kyan ya gyara ya sa a filinsa, waɗanda ba su kai ba ya yi gwanjonsu ga ƙananan dillalai. Akwai kuma Manheim, gwanjon da ya faro tun 1945 a Pennsylvania, wanda sai mai lasisin dillanci ke shiga.

Can ƙasa sai Copart da IAA, kamfanonin da ke gwanjon mota ta intanet, kuma nan ne kasuwarmu. Mafi yawan abin da ke cikinsu motoci ne da kamfanin inshora ya lissafa ya ga gyaransu bai biya ba, ya biya mai ita ya kwashe gawar. Sirrin sana'ar duka a wannan lissafin yake. Bamba da fitila da murfin inji da za su ci dubban daloli a hannun makaniken Texas, a Ƙofar Ruwa za ka samo kayan, mai gyaran jiki ya buge, mai fenti ya fesa, a kuɗin da Ba'amurke zai ɗauka wasa ake. Abin da suka kira asara shi muke kira kaya. Ba na jin kunyar wannan, muddin an gaya wa mai saye gaskiya, wanda kuwa ba kowane fili ake yi ba.

Gwanjon yakan kama da yamma a agogonmu, na California kuma ya kai mu dare. Bayan isha'i Kawu zai ja kujera kusa da ni da kofin shayinsa, ni ina danna hotuna. Hoto goma sha wani abu ne duk iyakar abin da za ka gani, sai alamar da ke nuna ko motar ta tashi ta motsa lokacin da aka kawo ta. Shi ba ya karanta Turanci, amma ya fi ni karanta hoto. Sai ya ce, "Koma baya. Ƙara girman tayar gaban nan." In tayar ta ɗan shige ciki fiye da 'yar'uwarta, ya san bugun ya taɓa ƙashin motar, ko a kyauta ba ya so. Kafin a fara yakan rubuta mini iyakar farashi a bayan rasit. In an wuce da dala ɗari na ce, "Kawu, mu ƙara kaɗan mana," amsarsa ba ta canzawa: "Bar musu, ɗana. Gobe ma akwai kasuwa."

Sau ɗaya na saɓa masa, yana Umara. Na ga wata Camry a wani fili na kudancin Amurka, jiki lafiya lau, ko ƙwarzane babu, farashi kamar an yar. Rowa ta hana ni biyan 'yan dalolin da ake biya a ciro tarihin mota da lambar nan mai harafi da alƙalami 17. Da ta iso muka ɗaga kafet, sai ga busasshen laka har ƙarƙashin kujera, ƙusoshin duk sun yi tsatsa. Ambaliya ce ta ci ta. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitilun allo su kama gaba ɗaya kamar gidan biki. Mai gyaran wayoyin mota ya yi mako uku a kanta ya sallama. Kawu bai yi faɗa ba, ya dai sa na sayar da ita da bakina ga wani mai kayan gyara, ina faɗin aibinta ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan, duk shekarar da guguwa ta afka wa Texas ko Florida, kamar a 2017 da 2022, na san watanni masu zuwa kasuwa za ta cika da kyawawan motoci masu ruwa a ciki.

Kuɗin da ka ci gwanjo da shi somin taɓi ne. Akwai la'adar masu gwanjo, da kuɗin mai jan motar zuwa bakin ruwa a Baltimore ko Houston. Mai tafiya da ƙafarta ana tuƙa ta cikin jirgi, wadda ta mutu sai kwantena. Bayan wata guda ko fiye ta sauka a tashar ruwa ta Tin Can a Legas, ejan ya shiga fama da kwastam, waɗanda tun 2022 suke yanka kuɗin fito da lambar motar. Sannan tirela ta ɗauko ta zuwa Arewa. Duk wannan da dala ake lissafa shi, ita kuwa dala a farkon Yunin 2023 tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta kai 1,500. Mun sayar da motoci da muke murnar riba, muka koma kasuwa muka tarar kuɗin biyu ba ya sayo ɗaya.

Shi ya sa yanzu rabin filin namu na gida ne. 'Yan kamasho suna yawo unguwa-unguwa da waya a hannu, su suka san wanda zai aurar da 'ya yana neman kuɗi, da magadan da ke son raba gado. Bankuna da ƙungiyoyin agaji a Abuja sukan yi gwanjon motocin aikinsu, kuma waɗannan sun fi samun sabis a kan lokaci. Wani kuma ya kawo tasa ya cika ya ɗauki wata, kamar dai yadda ake yi a can. A irin wannan cinikin kwamfutata ba ta da aiki. Jiya ma wani ɗan kamasho ya kawo Corolla, yana rantsuwa wata hajiya ce ke zuwa asibiti da ita kawai. Kawu ya tuɓe babbar riga ya miƙo mini, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya shafo wani abu da yatsa ya shinshina. Da ya miƙe sai ya ce da mutumin, "Hajiyar nan taku, tasha take lodi?"