Yadda muke kare ayu a ruwan Yawuri

Aikin sa kai ya kai ni ƙauyukan masunta na Yawuri da Ngaski, inda kogin Neja ke buɗewa ya zama tafkin Kainji tun da aka kammala madatsar a 1968. Ayu muke ƙoƙarin karewa. Da yawa cikin matasanmu sunansa kawai suka sani, a bakin masu tallar man ayu.

Ayu ba kifi ba ne. Numfashi yake kamar mu, yana shayar da ɗansa nono, abincinsa ciyawar ruwa irin su burugu. Macen tana ɗaukar ciki wajen shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya, sannan ta yi shekaru kafin ta sake. Shi ya sa kashe uwa ɗaya ke barin giɓin da ba ya cikewa da wuri. Dokar Najeriya ta 1985 ta hana farautarsa, a 2013 kuma yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji, ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Amma masunci bai ga takarda ba, tarunsa da ayu ya yaga ya gani, ga kuma dillali tsaye da kuɗi a hannu.

Saboda haka duk garin da muka shiga, gidan Sarkin Ruwa muke fara sauka. Wani dattijo cikinsu ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ɗana, wa zai ɗinke tarun?" Na ce, "Ranka ya daɗe, mu za mu sayi zaren." Daga nan magana ta yi daɗi. Tsofaffin Sarkawa sun fi mu sanin dabbar nan nesa ba kusa ba. Da ganin yadda aka yagi ciyawa a gaɓa za su ce maka ayu ya kwana nan.

Da asubar wata rana aka kira mu, ƙaramin ayu ya sarƙe a taru. Muka tarar zaren ya ci masa fata a gindin hannu. Mutum biyu suka tallafi kansa don hancin ya tsaya sama da ruwa, ina kallon ƙofofin hancin suna buɗewa su rufe, ga gashin baki mai kaushi. Mai tarun da kansa ya zaro wuƙa ya yanka zarensa, layi bayan layi. Ni dai a wurina wannan mutumin ya fi mu duka yin aikin, don abincin gidansa ya yanka. Kafin la'asar muka kai masa zaren da muka yi alkawari, maƙwabtansa na kallo.

Lokacin da ya fi ba mu wuya shi ne janyewar ruwa, sa'ad da ayu ke maƙalewa a ƙananan tafkuna. Babba yakan kai ɗaruruwan kilo, kwalekwalenmu ba ya ɗaukarsa. Yanzu muna karo-karo da masuntan don sayen babban jirgi kafin ruwa ya sake ja.